Gwiwoyin Baba Gungume

Ina cikin aji da hantsi, ina fama da yara a kan lissafi, sai na hango Ɗanjuma makaɗi tsaye a gindin darbejiyar makarantarmu a Birnin Kudu. Kafaɗarsa ce ta fara kayar mini da gaba. Tun ina yaro ban taɓa ganin Ɗanjuma babu ganga a rataye ba, har tsokanarsa muke yi wai da ita yake shiga wanka. Ran nan kuwa daga shi sai rigarsa. Na ajiye alli na fita, bai kuma bari mun yi doguwar gaisuwa ba.

"Malam Haruna, sai haƙuri," in ji shi. "Baba Gungume ya cika ɗazu, bayan an fito masallaci. Inna Hajara ta ce kada a kai shi sai ka iso."

Na yi salati, na sake yi. Muka nufi tasha muka shiga motar garin Sara.

Sunansa na yanka Yakubu, amma in ka shiga Sara kana neman gidan Malam Yakubu sai an tambaye ka wanne. Ka ce Gungume kuwa, ko ɗan yaye zai nuna maka zauren. Manomi ne kamar ubansa, kuma ɗan kokawar da ƙasar Gwaram da ta Birnin Kudu ba su ga irinsa ba a zamaninmu. Ya haura shekara talatin yana shiga fage duk kaka. Ya kama da mazan Kangire da na Fagam, ya kama da na ƙasar Bauci da na Kano, kuma tun da ya zama gwani ba a taɓa kayar da shi ba. Wannan ita ce maganar da aka yi ta juyawa a wurin zaman makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa, in ya shafa fatiha, sai ya ce, "Allah ya jiƙan maza, bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba." Ni kuwa duk sanda aka faɗa sai in sunkuyar da kai. Akwai abin da ba a faɗa a kan tabarmar nan ba, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mutumin nan ya daɗe yana neman wanda zai kayar da shi ya huta, mu da muke cewa muna ƙaunarsa muka hana shi. Ni ne a kan gaba cikin masu hanawar.

Mahaifina ne ya kai ni wurinsa ina ɗan saurayi, saboda na ishi unguwa da dukan yaran mutane. Na tafi ina murna za a koya mini ɗaga ƙato. Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga gida ya fito da fartanya. Daminar nan kaf ban taɓa jikin kowa ba sai ciyawa. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce, "Wanda bai iya sunkuyawa a gona ba, ba zai iya sunkuyawa a fage ba. Koma kunyarka." Sai da aka kai amfanin gona gida, na ɗauki damin dawa har kafaɗata ta yi kanta, sannan ya fara nuna mini yadda ake tsayuwa da yadda ake kama mutum. Dukan yara kuwa ban san ranar da na daina ba, don in na dawo gona ba ni da sauran ƙarfin tsokanar kowa.

Wanda ya kalli kokawarsa daga nesa, ƙarfi kawai zai gani. Mu da muke tsugune a bakin fage mun ga wani abu daban. Duk sanda ya ɗaga mutum zai kai shi ƙasa, sai ya zura tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙeyarsa, don kada kan ya bugu. Yana kayar da kai, shi zai miƙo hannu ya tashe ka, ya kakkaɓe maka baya, ya raka ka har wurin mutanenka. Yakan ce mana, "Wanda ka kayar gobe da safe gona za shi. Kada ka mayar wa matarsa da majinyaci." Abin da ya ci a fage kuma ba ya kwana a gidansa. Rago ne, rediyo ce, turmin atamfa ne, kafin a isa Sara ya rabar. Akwai shekarar da ya ci keke sabo fil, ya ba wani almajiri mai tallar kananzir, shi ya dawo gida a ƙafa. Matarsa Inna Hajara ta yi kwana biyu tana ba shi tuwo ba magana. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya, yana cewa duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya yake tsoro, kuma ba ta kai kafaɗarsa ba.

Ba gaskiya ya faɗa ba, abin tsoronsa biyu ne. Na biyun allura ce. Malam Bitrus, wani Kirista mai kantin magani da ya daɗe a cikinmu, shi yake ɗaure masa targaɗe tun suna samari. In ya fito da allura, sai ka ga Gungumen Sara yana neman ƙofa, yana rantsuwa ya warke. Malam Bitrus ɗin ne kuma ya fara faɗa a gabana, wata rana yana matsa masa ƙafa, cewa gwiwoyin nan sun gama aikinsu, duk abin da aka ƙara musu zalunci ne.

Sai dai barin fage a wajenmu ba abu ba ne da mutum zai tashi da safe ya ce ya yi. Akwai wani tsohon warki ja, na fatar akuya, da gwanin ƙasarmu yake ɗaurawa a ƙugu. Ba a gadonsa, ba a kyautarsa. Wanda ya kayar da mai shi a gaban jama'a, shi yake kwance shi ya ɗaura. Muddin yana ƙugunka, duk baƙon da ya zo ya yi kirari a fage, kai ake jira. In ka ƙi fita ka zubar da mutuncin gari, in baƙon ya kayar da kai kuma warkin ya bar ƙasar ke nan. Sannan ga take. Kowane gwani yana da kiɗansa, kuma Baba, in Ɗanjuma ya ɗora gula ya buga nasa, ko tuwo yake ci sai ka ga lomar tana rawa a hannunsa. Hanya ɗaya ce mai warki zai sauka da mutuncinsa da na gari: ɗan gida ya kayar da shi. Ga kuma al'adar da kowa ya sani, yaro ba ya kamawa da ubangidansa.

Da aka ba mu sabuwar jiha, abin ya ƙara tsanani. Da can in an je wasa, cikin mutanen Kano muke, ba mai lura da mu. Yanzu kuwa kowane taro sai an ce ina na Jigawa, mu kuma suna ɗaya muke da shi mai tsoratar da mutane. Masu shirya wasa suka mayar da zaurensa wurin zuwa. Maganar kullum ɗaya ce: jiha sabuwa ce, Baba, kada a yi mana dariya. Lokacin furfura ta gama cin gemunsa. Ni kuma na riga na zama malamin makaranta, amma ina shiga fage in an yi hutu, kuma ba yabon kai ba, a cikin yaransa babu wanda yake tsayawa a gabana.

Wata kaka ya aika aka kira ni. Na same shi a masussuka, yana zaune a kan turmi ya miƙe ƙafa. Ya kori yara, ya ce in matso.

"Haruna, ranar kasuwa mai zuwa za ka fito mini."

Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Na ce, "Baba, ni da kai? Ai sai garin nan ya tsine mini."

"Za su zage ka, ba shakka," in ji shi. "Ni ma sun zage ni. Ka san daga ƙugun wa na kwance warkin nan? Daga ƙugun Jatau na Fagam, wanda ya koya mini tsayuwa. Shi ya roƙe ni, kamar yadda nake roƙonka. Mutane suka ce ba ni da kunya, har aka daina amsa gaisuwata a kasuwa. Da aka kwana biyu suka manta. Shi kuwa Jatau ya tsufa da ƙafafunsa, har ya mutu yana sa mini albarka."

Ya dafa gwiwarsa ya ce, "Duba nan. Na ba kokawa ƙuruciyata, ban yi da-na-sani ba. Ɗan abin da ya rage a cikin waɗannan, sallah nake so in bar wa. Ina so in tsufa ina kai goshina ƙasa kamar kowa. Amma ka sani ba zan faɗi da gangan ba, jama'a ba makafi ba ne. Ka zo da ƙarfinka duka."

Na ce to. Na faɗa da bakina, ba wanda ya tilasta ni.

Ranar kasuwa da la'asar fage ya cika. Ɗanjuma ya buga taken Baba, ya fito da jan warkinsa, aka yi ta sowa. Da aka ga ni ne na fito daga ɗaya gefen, sai gunaguni ya tashi. Na ji wani dattijo yana cewa, "Yaro da ubangidansa? Lalle boko ta gama da mu." Muka kama. Bai raga mini ba ko kaɗan, sau biyu yana kusan tafiya da ni. Amma ƙafarsa ta hagu ba ta bin umarninsa, kuma shi ya koya mini gane irin wannan. Na nutsa ƙarƙashinsa, na sa kafaɗa a cikinsa, hannuna na dama ya kama bayan gwiwar. Na ɗaga, ƙafar ta bar ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ya kai nan da shi ba. Bakinsa yana daidai kunnena, na ji ya ce a hankali, "Ƙarasa, Haruna."

Abin da ya zo mini a rai a lokacin ba gwiwarsa ba ce. Iyayen yaran da nake koyarwa na tuna, da abin da za a faɗa a bakin masallaci, da surukaina. Na ga kaina ina shiga kasuwa ana nuna ni, ga malamin da ya yi ƙasa da mutumin da ya ciyar da shi. Sai na sauke ƙafarsa a hankali, na saki, na kai gwiwata ƙasa. A kokawarmu wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya sha kaye.

Fage ya ruɗe. Ɗanjuma ya juya ganga kaina yana kirana ɗan halak. Wani Alhaji ya cire hularsa ya ɗora mini. Dattijon da ya zagi boko ɗazu ya keto taro ya riƙe hannuna yana sa mini albarka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Baba kuwa ya yi mini abin da yake yi wa duk wanda ya kayar. Ya miƙo hannu ya tashe ni, ya sunkuya da ƙyar ya kakkaɓe mini ƙasar da ke gwiwata. Yana ɗagowa ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Taka ba ta ji komai ba. Tawa ce za ta biya." Bai sake tayar mini da maganar ba har ya bar duniya.

Da a kaina abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya zama abin koyi. Ya roƙi wasu cikin yaransa bayana, kowa ya fito sai ya kama shi sama-sama, ya durƙusa, a yi masa tafi. Iyaye suka riƙa ba 'ya'yansu misali da ni. Muka mayar da roƙon dattijo wurin nuna tarbiyyarmu, muna karɓar yabo, shi kuma duk kaka ana buga masa take yana fita wa sa'annin 'ya'yan cikinsa daga wasu garuruwa. Yana cin su da dabara da tsohon ƙashi, ya dawo gida Inna Hajara ta kwana tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi. Ta taɓa tare ni a soro ta ce, "Haruna, ku da kuke da ƙarfi, ba za ku karɓe masa abin nan ba?" Na ce ai Baba ya fi ƙarfinmu. Ta dube ni kawai ta koma ciki.

A masallaci na ga abin da muka yi. Baba mutum ne na sahun farko, daidai bayan liman. Sannu a hankali ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, don ya sami abin dafawa in zai tashi daga sujada. Daga baya bangon ma ya daina isa. Wata Juma'a na je Sara, na hango shi zaune a ƙasa ya miƙe ƙafafu gaba, jama'a suna sujada shi yana sunkuyar da kai iya inda wuyansa ya kai. Da aka sallame na je gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi yara da makaranta. Sannan ya shafa goshinsa ya ce, "Mutane suna ta murna bayana bai san ƙasa ba. Ni kuwa goshina ne yake kewarta." Ya faɗa yana murmushi, kamar ba da ni yake ba.

Kakar da ta wuce wani matashi ya zo daga ƙasar Bauci, ƙato, ya yi kirari a fagen Sara. Dattawa da masu shirya wasa suka tafi zauren Baba, ina cikinsu. Malam Bitrus ya aiko a gaya mana mu ji tsoron Allah. Aka yi ta lallashi, ni da bakina na ce, "Baba, wannan ne na ƙarshe." Mun sha faɗa masa haka. Ya ɗaure gwiwoyin da tsumma ya fita dafe da sanda, ya jefar da ita a bakin fage da Ɗanjuma ya buga take. Bai iya kayar da yaron ba, yaron ma bai iya kayar da shi ba. Ya kafe a wuri ɗaya har alƙalai suka raba su canjaras. Jama'a suka watse suna murna warki bai bar gari ba. Shi kuwa a amalanke aka kai shi gida, kuma tun daga ranar bai sake taka ƙafarsa ba.

Ba na cewa kokawa ce ta kashe shi. Kwana ne ya ƙare, kuma ko a kan gado na auduga yake da zai tafi ranar da aka rubuta masa. Amma shekarun da ya yi yana sallah a zaune, da watannin da ya yi yana yinta a kwance da ishara, waɗannan ba zan iya jingina su ga kowa ba. Abu ɗaya ya taɓa roƙona a rayuwarsa, kuma yana hannuna. Na auna sunana da gwiwoyinsa, na zaɓi sunana, aka kuma kira abin ladabi. A jinyarsa na fi aika sukari da sabulu a kan in je da kaina, don ba na son ganin ƙafafun. Zuwana na ƙarshe na tafi da niyyar neman gafara. Na tarar da baƙi a ɗakin, kunya ta sake kama ni, na yi masa sannu na ce sai na dawo.

Da muka isa Sara ran nan an riga an yi masa sutura. Aka ce Inna Hajara tana kirana. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dushe.

"Ya bar maka saƙo. Ya ce ya yafe maka tun a fage, kada ka tsaya wahalar da kanka." Ta ci gaba da cewa, "Amma ya ce in za a saka shi, kai za ka kama ta wajen gwiwa. Ya ce ka san wurin. Ya ce wannan karon ka ƙarasa."

A maƙabarta na durƙusa a bakin kabari tare da ƙannensa biyu. Da aka ɗauko shi daga makara na zura hannuna na dama inda na taɓa zura shi. Mutumin da ƙarti suka kasa girgizawa ya zama ba nauyi, sai gwiwoyin nan da na ji a kumbure ta cikin likkafani. Wannan karon ban saki ba. Na bi shi a hankali har ya kwanta a gefensa na dama, fuskarsa tana kallon alƙibla. Sai da aka fara jera itace sannan na janye hannuna.

Warkin yana rataye a ɗakin Inna. Dattawa sun ce a ba ni tun da ni ne babba a yaransa, na ce ba nawa ba ne, ranar da ya kamata in kwance shi ta wuce. In kaka ta yi, samari su kama a tsakaninsu, wanda ya ci ya ɗaura. Roƙona ga wanda zai zo bayansa shi ne, ranar da mai warkin ya kira shi gefe ya dafa gwiwa, ya ji maganarsa, ya bar mutane su yi zaginsu.

Ya Allah, ga bawanka Yakubu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ya riƙa tare ƙeyar waɗanda ya fi ƙarfi, ka tare shi da rahamarka. Ka ba Inna Hajara da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ka rufa musu asiri, kada ka sa su nemi abu a wurin wanda zai wulaƙanta su. Ka sanyaya zuciyar Ɗanjuma da Malam Bitrus da duk wanda ya yi rashinsa. Mu kuma da muka yi masa tafi yana ƙarewa a gabanmu, ka gafarta mana. Ya Allah, duk sujadar da ya yi marmari bai samu ba, ka rubuta masa ladanta cikakke, ka tashe shi ranar tsayuwa da ƙafafu lafiyayyu cikin masu kai goshi ƙasa. Amin.